Wakilin Suna a Turanci: Inda Yaranmu Suke Tuntuɓe da Yadda Za Mu Riƙe Hannunsu

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malaman firamare, reshen Dutse

 Ina godiya da aka ba ni damar tsayawa a gabanku, alhali a cikinku akwai waɗanda suka riga ni riƙe alli da shekaru masu yawa.

Batun da zan yi magana a kansa ƙarami ne a ido. Kalmomi ne guda bakwai, "I", "you", "he", "she", "it", "we", "they", tare da 'yan rakiyarsu irin su "him", "her" da "their". Sai dai duk malamin da ya taɓa duba littattafan 'yan aji biyar ya san cewa a nan jan biro ya fi ƙarewa. Abin kuma bai tsaya ga darasin Turanci ba. Yaron da ya karanta tambayar lissafi ko ta kimiyya bai gane abin da "it" ko "them" yake nuni gare shi ba, ya faɗi tambayar tun kafin ya fara aiki. Da wannan rauni zai shiga sakandare, ya tarar da WAEC da NECO, inda sai da kiredit a Turanci ake samun shiga jami'a, sannan ga JAMB wadda ta wajabta wa kowa jarrabawar Turanci. Jami'ar Tarayya da aka kafa mana a nan Dutse a 2011 tana gab da gidajen yaranmu, amma hanyar shiga cikinta ta waɗannan ƙananan kalmomi ta bi.

Inda muke tsaye

Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa a shekarun farko na firamare, Turanci ya zama darasi, daga baya kuma a juya zuwa Turanci. A watan Nuwamba na 2022 Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya sanar da cewa an amince a yi shekara shida na firamare da harshen uwa. A watan Nuwamba na 2025 kuma Minista Dakta Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari, aka mayar da Turanci harshen koyarwa. Ba muhawarar manufa ta kawo ni ba. Abin da ya shafe mu a aji shi ne, ko wace manufa ake bi, yaron Limawa ko na Kiyawa da Hausa a kansa yake shigowa, kuma a kan gwadaben Hausa yake ɗora kowace jimlar Turanci da zai gina.

Ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan kurakuran da muke gani ba daga daƙiƙanci suka fito ba. Dokokin nahawun Hausa ne da yaro ya iya sarai, ya ɗauke su ya kai inda ba sa aiki. Haka abin yake ko'ina a duniya: ɗan ƙasar Yukiren yakan sha wahala da "a" da "the" domin harshensa ba shi da su. Gwajin da aka fara a Ife a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babs Fafunwa ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon shekara shida, aka kuma ba su darasin Turanci a hannun ƙwararren malami, ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Harshen gida tsani ne, matuƙar malami ya san inda matakalarsa ta yi daidai da ta Turanci da inda ta kauce.

Zagi da kujera ɗaya

Bari in fara da kuskuren da ya fi kowanne yawa: "Musa he went to market", "My mother she is cooking". Masana nahawun Hausa sun raɗa wa ƙananan kalmomi irin su ya, ta, sun, yana, tana suna mai ma'ana, wato zagin aikatau. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Dutse ya san zagi, mai tafiya a gaban dokin sarki. Aikatau na Hausa kamar basarake ne, ba ya fita sai da zagi. Ba ma cewa "Musa tafi kasuwa jiya", sai mun ce "Musa ya tafi kasuwa jiya". Ko da sunan mai aikin yana nan, dole zagi ya biyo baya. Yaro yana jin "ya" a kansa, sai ya nemi madadinta a Turanci, ya sami "he".

A Turanci kuwa kujerar mai aiki guda ɗaya ce. In mai kujera yana zaune, wakilinsa ba ya hawa. Ko dai "Musa went", ko "He went". Hanyar koyar da wannan ba ta buƙatar sayen komai. A ajiye kujera ɗaya a gaban aji, a ba yaro ɗaya kwali mai ɗauke da "Musa", a ba wani mai ɗauke da "He". Malami ya faɗi jimla, wanda aka ambata ya zauna. In aka kira ɗayan, sai na zaune ya tashi. Ranar da wani ya rubuta "Musa he", ba sai an yi dogon bayani ba, tambaya ɗaya ta isa: mutum nawa ne a kan kujera?

Wannan doka tana da ɗaya gefen. Kujerar ba a barinta babu kowa. Mukan ce "ana ruwa", "da zafi", "ƙarfe biyu ne". Yaro sai ya rubuta "Is raining", "Is hot". Turanci yana zaunar da "it" a wurin ko da babu wani abu da take wakilta: "It is raining", "It is hot", "It is two o'clock". Haka "akwai" take komawa "there is" ko "there are", gwargwadon tilo ko jam'i.

Lokaci: a ina alamar take?

Zagin aikatau yana da wani aiki na biyu, shi ne ɗaukar alamar lokaci. Ku dubi waɗannan: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Kalmar "tafi" ba ta motsa ba, zagin ne ya yi ta sauya riga. A Turanci abin ya juye: "I went", "I will go", "I go". "I" tana nan yadda take, sauyin yana wajen aikatau. Shi ya sa yaro yake rubuta "Yesterday he go to farm". A tunaninsa aikatau ba ya canzawa, kuma "yesterday" ta riga ta faɗi lokacin.

Idan aka rubuta waɗannan layuka biyu gefe da gefe a kan allo, aka ja layi ƙarƙashin kalmar da ta sauya a kowane harshe, yaran aji huɗu da kansu za su faɗi dokar. Daga nan ne ya kamata a shigo da harafin "s" na "he goes", "she eats", "it runs". A gaya musu cewa ukun nan, "he", "she", "it", ba sa tafiya a lokaci sabau sai da wutsiya. A riƙa maimaita shi da baki kafin a kai ga rubutu, domin kunne ne yake fara kama wannan harafi.

Shi da "she"

Ga wani tarko da littattafan da aka rubuta domin ƙasa baki ɗaya ba sa kula da shi, saboda namu ne mu kaɗai. Kalmar "she" ta Turanci da kalmar "shi" ta Hausa furucinsu kusan ɗaya ne, amma ta farko mace take nufi, ta biyu namiji. Yaron da ya shekara shida yana jin "shi" yana hango namiji, yau an ce masa wannan sauti na mace ne. Ba mamaki ya nuna Haruna ya ce "She is my friend".

Shawarata ita ce kada a koyar da "he" da "she" a rana ɗaya. A fara da "she" ita kaɗai, a ɗaura ta da sunan mace mai farawa da wannan sauti, kamar Shamsiyya ko Shafa'atu, a yi kwana biyu ana nuna 'yan mata da hotunan mata ana cewa "she". A kuma faɗa wa yara a fili cewa wannan kalma ta yi kama da tamu amma ba ita ba ce. Tarkon da aka nuna wa mutum ba kasafai yake kama shi ba. Sai "she" ta zauna, sannan a kawo "he".

Kada mu manta da yaranmu Fulani, waɗanda suke da yawa a makarantun Jahun, Birnin Kudu, Gwaram da kewayen Dutse. Fulfulde ba ta raba namiji da mace a wakilin suna, "o" ɗaya ce ga duka biyun. Yaron da ya taso a ruga yana iya cakuɗa "he" da "she" don wani dalili dabam da na Bahaushe, kuma shi yana buƙatar a ƙara masa lokaci a kan rabuwar jinsin ita kanta.

Abin da ba namiji ba, ba mace ba

A Hausa kowane suna tilo yana da jinsi, ko namiji ko mace, babu na uku. Littafi shi ne, mota ita ce. Rana ta fito, wata ya tsaya. Mafi yawan sunaye mata suna ƙarewa da wasalin "a", ko da yake gida, ruwa da nama sun ƙare da shi kuma maza ne. Sunayen garuruwa mata ne ko da me suka ƙare. Ga misali a ƙofar gidanmu: mukan ce dutse ya gangaro, amma Dutse ta bunƙasa. A Turanci dutsen da garin duka "it" ne.

Saboda haka "My pen, he is lost" da "The car, she is coming" fassarar tunanin Hausa ce tsantsa. A ware kusurwa uku a aji: ta maza, ta mata, da ta kaya. A tara tsintsiya, kwano, hula, alli da takalmi a ta ukun. Malami ya nuna, aji ya amsa da "he", "she" ko "it". Dabbobi a wannan mataki a sa su cikin "it", bayanin inda akan ce wa dabba "he" ko "she" ya jira manyan ajujuwa. Wani abin farin ciki shi ne a jam'i harsunan biyu sun yi daidai: "su" ba ta raba jinsi, "they" ma haka. Sai dai a lura da irin "kuɗin sun ƙare", domin "money" a Turanci "it" ce.

Jakar Musa: "his" ko "her"?

A nan ne ya kamata mu fi natsuwa, domin a nan Hausa ta fi Turanci zurfi. Ku dubi kalmomi huɗu: littafinsa, jakarsa, littafinta, jakarta. Kowace tana ɗauke da alamar jinsi biyu. Harafin "n" ko "r" yana duban abin da aka mallaka, "sa" ko "ta" yana duban mai abin. Turanci ba ruwansa da jinsin abin, mai shi kawai yake dubawa: "his book", "his bag", "her book", "her bag". Yaron da ya san jaka mace ce yana iya kiran jakar Musa "her bag". Ya fi faɗawa cikin wannan rami idan abin da aka mallaka mutum ne: "Musa loves her mother", domin uwa mace ce.

A doguwar mallaka abin ya ƙara fitowa. Muna da nasa, tasa, nata, tata, Turanci yana da biyu kacal, "his" da "hers". Yaro ya ji "tasa" ta fara da "ta", sai hannunsa ya tafi ga "hers". Tambayar da za mu dasa a bakin yara ita ce: na wane ne? In mai abin namiji ne, "his", ko da abin saniya ce. In mace ce, "her", ko da abin rago ne. A kuma nuna musu cewa a Hausa alamar mallaka a bayan suna take, a Turanci a gabansa.

Kai, ke, ku da "you"

Inda muke da kai, ke da ku, Turanci yana da "you" kaɗai. Yaran da suke zuwa Islamiyya sun san "anta" da "anti" a Larabci, sun ga tsarin ya zo daidai da na Hausa, don haka sukan yi mamakin wannan ƙarancin na Turanci. Wasu sukan rubuta "you is" idan mutum ɗaya suke nufi. A gaya musu cewa "you" da "are" take tafiya koyaushe. Dalilin yana cikin tarihi: da can Turanci yana da "thou" ga mutum ɗaya, "you" kuma ta jam'i ce da akan yi wa babba don girmamawa, har ta wayi gari ta kore ɗayar. Wato abin da muke yi da "ku" ga dattijo shi Turawa suka yi, sai dai su sun zarce da shi ga kowa.

Wannan ya kawo mu ga jam'in girmamawa. Yaro mai tarbiyya yakan ce "Baba sun dawo", "Malam sun fita". In ya juya zuwa Turanci sai ya ce "My father they have come back". Bakinsa yana nauyin kiran mahaifinsa "he". Bai kamata mu yi wa wannan dariya ba. Mu bayyana masa cewa "he" ga uba ba rashin kunya ba ne, Turanci a wasu kalmomi yake ajiye ladabinsa, irin su "please", "sir" da "may I". Haka kuma "su Musa sun zo" tana komawa "Musa and the others have come".

Sauran wurare a taƙaice

A rubuce, ni, shi, mu, ku da su ba sa sauya kama ko a farkon jimla ko bayan aikatau: shi ne ya zo, na gan shi. Turanci yana raba "he" da "him", "I" da "me", "we" da "us", "they" da "them". "Ni da Musa muka je" takan fito "Me and Musa went". Gwajin mai sauƙi ne: a cire Musa, a ji ko "Me went" ta zauna a kunne. Daidai ita ce "Musa and I went".

Zagin da ba ya nuna kowa, wato an, ana, za a, ba shi da takwara kai tsaye. "Ana kiranka" takan zama "They are calling you", mai jin Turanci kuwa zai tambaya, su wa? A ƙananan ajujuwa "someone" ta wadatar, a bar irin "My bicycle has been stolen" sai aji biyar da shida.

Dirka, wato ne da ce, tana duban jinsi kuma a ƙarshe take zuwa: ni ɗalibi ne, ita malama ce. "Am", "is" da "are" suna duban mai magana da adadi, kuma a tsakiya suke zama. Sautin farko na "they", "them" da "this" babu shi a Hausa, shi ya sa yake fitowa kamar "z" ko "d". A nuna wa yara yadda ake sa bakin harshe tsakanin haƙora, a yi ta da wasa har ya saba.

Shawarwari ga reshe

Na farko, wakilin suna yana cikin darasin Hausa kamar yadda yake cikin na Turanci. Shugabannin makarantu su daidaita tsarin aikin zango yadda za a koyar da shi a Hausa mako guda kafin a shiga na Turanci. Yaron da ya san sunan abu a harshensa ya yi rabin tafiya.

Na biyu, ajujuwanmu cike suke maƙil, babu malamin da zai iya gyara kowane kuskure a kowane littafi. A ɗauki kuskure ɗaya a mako, a ba shi minti biyar na farkon kowane darasi da baki, a kuma taƙaita jan biro a kansa. Shafin da ya yi ja daga sama har ƙasa ba ya koya wa yaro komai sai tsoron rubutu.

Na uku, kowane malami ya ware littafi guda yana rubuta jimlolin da yara suka kuskure, ba tare da sunayensu ba. In muka haɗu a irin wannan zama, mu baje su, mu nemo dokar Hausa ko ta Fulfulde da ta haifi kowanne. A cikin shekara guda reshen nan zai iya tattara ɗan jagora da ya fito daga ajujuwanmu, wanda zai amfani sababbin malamai da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel masu zuwa koyarwar gwaji.

Na huɗu, mu kula da Turancin da yake fita daga bakinmu a aji da filin taro. Ga mafi yawan yaran karkara, malami ne kaɗai mai jin Turanci da suke saurara a yini. Abin da muka furta shi ne littafinsu na farko.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da aka gyara a aji uku da minti biyar, a sakandare sai an shekara ana fama da shi. Ina roƙon duk wanda ya gwada ɗaya daga cikin waɗannan dabaru ya dawo mana da labarin abin da ya gani, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba, domin mu ƙaru gaba ɗaya.